Muciya a Hannun Na'ibi

Sana'ata girki ce, kuma ba a bakin titi na tsince ta ba. Na karanta ta a wata kwaleji a arewa, na yi shekaru a ɗakin girkin wani otal a Ikeja da ke Legas, daga baya na ajiye aikin na koma zaman kaina. Duk mai taro yakan kira ni, in ɗauki tukwanena da ma'aikatana in je in ciyar da jama'arsa, in dawo gida Agege. Bayan wannan ina da wani matsayi a unguwarmu da na fi ji da shi fiye da takardar shaidar karatuna. Ni ne na'ibin liman a ƙaramin masallacinmu da ke kusa da layin dogo, kuma ni ne mai rubuta bayanin zaman kwamitinsa. Liman dattijo ne mai fama da ciwon gwiwa, saboda haka yawancin sallolin rana ni nake ja idan ina gari. Ba a biyan kowa a kan wannan. Amma mutumin da ya wuni cikin hayaƙi yana yi wa cikin wasu hidima, idan ya yi wanka ya sa farar riga ya shige gaba, dillalan shanu da masu shaguna suka tsaya a bayansa, shi kaɗai ya san abin da yake ji. Wannan matsayi ne na rasa a dogon hutun makarantu na wata damina. Ina so in faɗi yadda aka yi, domin abin da ake yaɗawa a unguwa ba shi ne ya faru ba.

A sana'armu dogon hutu shi ne kakarmu. Makarantu suna rufewa, ƙungiyoyi su kwashi yara su kai su zango a bayan gari, masu biki kuma su yi ta gaggawar ɗaura aure kafin a koma karatu. A waccan shekarar aiki ya taru mini yadda bai taɓa taruwa ba. Na yi wa ma'aikatan wani kamfani na Ilupeju girki a bakin teku, inda iska ta yi ta kashe mini wuta, yashi kuma ya shiga komai har kwalbar gishiri. Na dafa wa direbobin tanka walima a Apapa, na kafa murhu a tsakanin manyan motoci da suka yi layin da ba a hango ƙarshensa. Matan wani coci na mutanen kudancin Kaduna sun ɗauke ni taronsu na shekara, suka ce in bar musu faten acca su yi abinsu, ni in ji da dafa-duka da kaji. Kusan kullum da sassafe ina kasuwar Mile 12 ina tayin tattasai da albasa, takalmin roba a ƙafata, taɓo har idon sawu. Matata ta daina tambayata yaushe zan dawo, sai dai ta tambaye ni riga nawa za ta sa a jaka.

Duk inda na je tsarina ɗaya ne. Shinkafa, nama, kaji da miya suna hannuna da na masu aiki da ni. Tuwo kuwa na wata Hajiya ce 'yar Zariya da ke zaune a Sabo Yaba, ita da matan da take zuwa da su. Ba don ban iya tuƙi ba na tsara haka. A gidanmu maza ne zalla aka haifa, mahaifiyata ta koya mini tuƙi tun ban kai tsawon muciya ba. Na tsara ne domin na san mutanenmu. Bahaushe yana iya gasa tsire, ya dafa shayi, ya soya ƙwai, ya dafa taliya a bakin hanya, ba wanda zai ɗaga ido ya dube shi. Yana iya sa farar hula a otal ya dafa shinkafa a kira shi kuku. Amma muciya tana da nata hukuncin. Ba a rubuta shi a kowane littafi ba, kuma na bincika. Namijin da aka gani ya duƙa a kan tukunya yana tuƙin tuwo a bainar jama'a, suna ɗaya ake ba shi.

Aikin da ya fi kowanne girma a hutun shi ne zangon ɗalibai Musulmi, a wani fili bayan Epe, kusa da ruwa. Shugaban zangon wani Alfa ne, wato malami Bayarabe, mutum mai fara'a, mai son iyaye su ga yadda ake kula da 'ya'yansu. Yaran gauraye suke, amma da yawa namu ne, 'ya'yan Agege da Mile 12 da Sabo. Cikinsu har da na shugaban kwamitin masallacinmu, wani Alhaji dillalin shanu. An kafa wa yara tantuna, ni kuma aka ba ni rumfar kwano a gefe. Kwanakin farko sun tafi lafiya.

A tsakiyar makon aka wayi gari da ruwan sama irin na Legas, wanda ba tsawa ba iska, zuba kawai yake yi. Ranar ce motar kayanmu za ta kawo sababbin buhunan shinkafa, kuma a cikinta Hajiya da matanta za su iso domin tuwon dare. Da hantsi direban ya kira ya ce ruwa ya haura kwalbati, motoci sun tsaya. Da azahar ya sake kira ya ce sun juya gida. Yaran sun sha koko da safe, da rana na lallaɓa su da ragowar garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Bayan la'asar na shiga rumfa na duba abin da ya rage: garin masara, kuka, daddawa, man ja da ƙashin naman jiya. Babu abin da za a yi da waɗannan sai tuwo.

Maza biyu ne tare da ni, ɗaya ɗan Katsina, ɗaya ɗan Maraɗi. Na dube su, na dubi muciyar da ke jingine a kusurwa. Suka fahimta tun ban buɗe baki ba.

Ɗan Katsinan ya ce, "Oga, wallahi ka ce in faskara itace har gobe, zan yi. Amma ban da wannan. Ina neman aure."

Ɗan Maraɗin kuwa ya ɗauki bokiti ya tafi tarbar ruwa.

Mace ɗaya ce a rumfar, wata dattijuwa 'yar kudancin Kaduna da ke taya ni miya, muna kiranta Mama. Ta zagaya babbar tukunyar, ta riƙe kafaɗarta.

"Oga, ka gan ni. Wannan tukunya ya fi ni. In na shiga da kafaɗa ɗin nan, gobe asibiti ne za ka kai ni."

A waje yara sun fara taruwa a bakin rumfa, kwanoni a hannu, ruwa yana ɗiga daga hijabai da huluna. Suka tsaya suna jira, an koya musu ladabi. Ni aka ɗauka in ciyar da su, kuma na ce zan ciyar. Na ɗora ruwa, na yi talge, na bar shi ya nuna.

Wanda bai taɓa tsayawa a kan babbar tukunya ba bai san yadda talge yake tsalle ba. Yana kumbura ya fashe ya fantsamo, inda ya sauka a fata sai wurin ya tashi. Rigar aikina ta jiƙe sharkaf tun safe na shanya ta, wandon da ke jikina kuma mara kauri ne. Mama ta ga ina ja da baya ina sosa cinya, sai ta buɗe jakarta ta ciro zane ta miƙo mini.

"Ɗaura, Oga. Tuwo bai san oga ba."

"Mama, zane?"

"To ka ƙone, in je in gaya ma madam ɗinka me?"

Na ɗaura shi a kan wandona kamar yadda mahauci yake ɗaura buhu. Na zuba gari, na kama muciya da hannu biyu, na kafa ƙafa na soma tuƙi. Hannuna bai manta ba. Ina gama tukunya, Mama ta kwashe da mara tana malmalawa, in koma ta gaba. Hayaƙin jiƙaƙƙen itace ya cika rumfa, gumi yana shiga idona.

Ana cikin haka Alfa ya shigo da lema a hannu ɗaya, waya a ɗaya. Da ya gan ni ya tsaya cak, fuskarsa ta washe.

"E ku ise, Alaaji! Allahu akbar! Ku dubi mutum!"

Sannu da aiki yake mini da Yarbanci. A wurinsu, namijin da ya tsaya a kan tukunyar biki yana juya amala, wato tuwonsu, jarumi ne, mata ma kirari suke masa. Ya ɗaga waya ya soma ɗaukar hoton bidiyo. Na ce, "Alfa, bari, don Allah." Ya ɗauka kunyar yabo nake ji, ya yi dariya ya ƙara matsowa. Hannuwana duka suna kan muciya, in na saki tuwon zai yi gudaji. Kafin magariba kowane yaro ya ci, wasu sun yi ƙari. Alfa ya tura hoton zuwa guruf ɗin iyaye tare da godiya da doguwar addu'a. Na karanta abin da ya rubuta, babu kalmar da ba ta alheri ba. Har yau ban riƙe shi a zuciya ba.

Da aka tashi daga zango na dawo Agege. Mai shayin bakin layinmu yakan hango ni daga nesa ya ce, "Allah gafarta Malam." Ranar sai ya ce, "Sannu da aiki," waɗanda ke zaune a bencinsa kuma suka sunkuya cikin kofunansu. Da na shiga gida matata ta tura ƙofa ta rufe, ta miƙo mini wayarta tun ban ajiye jaka ba.

Wani ya yi wa hoton aiki. Ya yanke yaran da kwanoninsu, ya yanke addu'ar Alfa, ya yanke ruwan sama. Abin da ya bari shi ne mutum da zanen atamfa a ƙugu, ya duƙa, jikinsa yana bin juyin muciya. Ya ɗora kiɗan ƙwarya da guɗa a kai. A ƙasa ya rubuta: na'ibinmu ɗan daudu.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun kana can. A gidan suna aka nuna mini, Malam. Ana ta dariya, da aka ankara da ni sai aka yi tsit, wata ta ce in zo in ci waina." Ta karɓi wayarta. "Me ya hana ka ba su garin kwaki?"

"Ya ƙare tun rana."

"To da ka cire zanen."

"Da na ƙone."

"Ƙuna tana warkewa," in ji ta, ta shiga ɗaki.

Washegari na bi ta kasuwa zan sayi gawayi. A bakin tasha akwai wani mai sayar da abinci da kowa ya san shi ɗan daudu ne, ya tsufa a cikin sana'ar, kuma ba ya ɓoyewa. Ban taɓa tsammanin ya san ni ba. Yana hango ni ya saki ludayi ya tafa hannu.

"Ayyiriri! Ga gwanin gwanaye! Malam, wallahi hannunka ya faɗa. Na kalla na sake kalla, ko gudaji ɗaya babu. Ɗaurin zanen ne dai ba ka iya ba, ka zo da yamma in gyara maka."

Direbobin danfo, motocin hayar Legas, da ke cin abinci a wurinsa suka fashe da dariya, har wani ya ƙware. Da na zo wucewa ta gabansa ya rage murya.

"Kada ka wahal da bakinka wajen yi musu bayani. Ni tun ina saurayi suke cin tuwona, ba wanda ya taɓa ba ni hannu."

Na wuce abina. Amma a duk unguwar shi kaɗai ne ya yi maganar tuwon.

Da azahar na je masallaci. Liman bai fito ba. Ladan ya tayar da iƙama, na taka zan shige gaba kamar kullum, sai na tarar wani matashin ustazu, ɗan ƙanin Alhaji da bai daɗe da dawowa daga karatu ba, ya riga ya hau dardumar. Masallaci ba wurin jayayya ba ne. Na ja baya na bi shi. Bayan sallama ladan ya raɗa mini cewa kwamiti zai zauna ranar Lahadi bayan la'asar, in zo da littafi.

Muka zauna a kan tabarma, an ɗora wa liman kujera saboda gwiwarsa. Na buɗe littafi na rubuta sunayen mahalarta kamar yadda na saba. Alhaji ya yi gyaran murya.

"Malam, kai namu ne, ba wanda ya isa ya ce ba haka ba. Amma ka san bakin mutane."

"Na san shi, Alhaji. Wane laifi na yi?"

Ustazu ya karɓa, ya yi bayani mai tsawo a kan haramcin namiji ya kwaikwayi mata a sutura da ɗabi'a. Na saurare shi har ya gama, sannan na ce zanen a kan wando yake, kariya ce daga wuta, kuma babu malamin da ya taɓa haramta wa namiji ciyar da mayunwata. Na juya ga Alhaji na ce, "Kai da ka je Makka, me ka ɗaura a ƙugu?"

Wani dattijo ya yi dariya, ya mayar da ita tari.

Ustazu ya ce, "Kada ka haɗa harami da atamfa, Malam."

Na ce, "Alhaji, 'ya'yanka suna cikin waɗanda suka ci."

"Sun faɗa mini. Sun ce har ƙari suka yi, Allah ya saka da alheri." Ya gyara hularsa. "Amma da ka bari sun kwana haka. Yunwar dare ɗaya ba ta kashe yaro."

Wannan magana har yau tana kunnena yadda ya faɗe ta, a hankali, ba da fushi ba, kamar yana ba ni shawara a kan farashin shanu. Na dubi liman. Shi ya ɗauko ni ya sa ni gaba tun farko, kuma ya san karatuna. Ya murza gwiwarsa, sannan ya yi magana.

"Ni dai ban ga laifinka a littafi ba. Amma ka karanta abin da na karanta. Wanda jama'a ba sa so, ba ya shige musu gaba."

"Allah gafarta Malam, idan ƙin nasu a kan dalilin addini ne. Haka sharaɗin yake."

"Haka ne," in ji shi, bai ɗago ba. "To wa zai tsaya a ƙofa ya tambayi kowa dalilinsa?"

Daga nan na san an gama. Zan iya yin gardama da ustazu har magariba, amma ba zan iya jan mutane salla da ƙarfi ba, kuma ba na so in yi kabbara ina jin ana ƙunshe dariya a bayana.

Alhaji ya nuna littafin da tsinin carbinsa. "Rubuta cewa ka nemi a sauƙaƙa maka saboda yawan tafiye-tafiye. Rufin asiri ne a gare ka."

"Ban nema ba, Alhaji."

"Rubuta dai, Malam. Takarda ce kawai."

Tun da aka ba ni littafin nan ban taɓa sa abin da ba a yi ba a cikinsa. Na sunkuya na rubuta, sannan na karanta musu kamar yadda ƙa'idar zama ta tanada: kwamiti ya sauke na'ibi saboda ya tuƙa wa yara tuwo ranar da ruwa ya tare hanya.

"Haba Malam, ai ba haka aka ce ba!" in ji Alhaji.

"To yaya aka ce? A faɗa in gyara."

Ba wanda ya faɗa. Kalmar da ke cikin wayar kowannensu, babu mai iya furta ta a cikin masallaci. Alhaji ya ƙi sa hannu, aka yi fatiha aka tashi. Bayan mako aka sayi sabon littafi aka ba wani.

Muna neman takalma a bakin ƙofa Alhaji ya dafa kafaɗata. "Maganar walimar ƙanena tana nan ko? Kada wannan ya shafi wancan. Maman yara ta ce a yi tuwon masara, irin na zango." Na yi walimar, domin hutu ya zo ƙarshe kuma masu aiki da ni suna da iyali. Hajiya 'yar Zariya ce ta tuƙa. Kwamiti duka sun zo sun ci, ustazu ya sa aka ƙulla masa a leda.

Matata ta ce in koma masallacin Yarbawa da ke hayin layin dogo, can ba ruwan kowa. Na ƙi. Ban yi abin da zai sa in tsallaka layin dogo in nemi wurin sujada ba. Ina zuwa masallacinmu idan ina gari, in shiga sahun da na samu. Kafin kabbara ustazu yakan waiwayo ya ce a daidaita sahu, a haɗa kafaɗu, kada a bar kafa. Kowa sai ya motsa. Na damana ya matsa dama, na haguna ya matsa hagu. Ba wani babban fili ba ne, bai wuce faɗin tafin hannu ba, wanda ke nesa ba zai gani ba. Da farko nakan matsa in cike, sai in ji mutum ya ƙara janye ƙafarsa. Yanzu na daina matsawa. Nakan tsaya inda nake, in ɗaga hannuwana in yi kabbara.